Motar Rabezara Ba Ta Shan Mai

Akwai mazan da Allah ya ba hannu, akwai waɗanda ya ba baki. Rabezara baki aka ba shi, har da gyara. Matarsa Ravao ta fi kowa sani, don ita ta tsufa tana kwashe abin da bakin nan ya zubar.

A zamanin ƙarfinsa gadi ya yi a wani garejin motoci a tsakiyar birnin Tana. Aikinsa ya buɗe ƙofa, ya rufe ƙofa. Amma in ka same shi a teburin mai kofi da safe yana tsoma wainar shinkafa, sai ka rantse shi ya koya wa Turawa ƙera inji.

"Babu motar da ta taɓa shiga garejin nan sai ta hannuna," in ji shi. "Babu wadda ta fita sai na ce ta fita."

Wannan kam gaskiya ne. Makullin a wuyansa yake.

A tsakar gidansu, can ƙolin tudu, akwai wata tsohuwar mota ƙirar Katirela da ya gada wajen ubansa. Rabonta da motsi tun ɗansu Tojo yana rarrafe. Kajin Ravao suka mai da ita ɗaki, masu kwanci a kujerar baya, zakara a kan sitiyari. Ravao ba ta da ƙorafi a kan motar. A ganinta ita ce kaɗai dukiyar mijinta da ke kawo wani abu gida.

To, Tojo ya girma, ya ga yarinya mai suna Lalao, 'yar Ambohitsoa, ƙauyen nan da ke kan tsauni bayan fadamun shinkafa. Kakar yarinyar, wadda kowa ke kira Nenibe, ta ja masa rai har wuyansa ya yi tsawo kafin ta yarda a kawo gaisuwar neman aure. Mai duba rana ya zaɓi wata Asabar, ya ce ango da mai magana da yawunsa da kyautarsu su tsallake bakin ƙofa rana tana hawa. Nenibe kuwa ta aiko da nata: in rana ta tsaya tsaka, inuwa ta shige ƙarƙashin ƙafa ba su shigo ba, ranar ta ɓaci. Sai baɗi, in yarinyar ta jira. Kowa kuma ya san Lalao ba za ta rasa masu taya ta jira ba.

"Magana ta ƙare," Ravao ta ce. "Mu ɗauki tasin Rakamisy, mu tafi da sanyin safiya."

Rakamisy maƙwabcinsu ne, direba, harshensa ya fi birkinsa kaifi.

Rabezara ya ajiye cokali. "Tasin haya? Ɗana, jikan mai mota, ya je neman aure a tasin haya? A cikin motar nan aka kawo ki gidan nan, Maman Tojo."

"Turo ni aka yi. Ina sane, 'yan'uwana ne suka tura."

"Kafireta ce kawai ta gaji. Ni kuwa kafireta na san ta kamar yunwar cikina. Zan kwance ta, in gina ta sabuwa, irin ginin da ba a taɓa yi a tsibirin nan ba. Kuma ki ji: mutanen yanzu ambulan ɗin kuɗi suke miƙawa su ce kuturin ragon da al'ada ta ce a kai wa surukai suka kawo. Ni ragon zan kai ɗungurungum, da ƙahonsa da kofatonsa, a kujerar baya."

Tojo ya dubi uwarsa kamar ɗan akuyar da ya hango wuƙa. "Baba, in muka makara fa?"

"Makara? Sai dai mu isa ba su gama shara ba."

Kashegari aka kori kaji daga gadonsu. Rabezara ya ɗaga bonet, ya kwanto kafireta, wato tukunyar nan da ke dama fetur da iska kamar mai dama kunu kafin inji ya sha. Ya rasa inda zai baza kayan cikinta, sai ya ɗauko faifan da Ravao ke sheƙar shinkafa.

Mutum mai hankali ya san abin da kaza ke tsammani in ta ga faifai a ƙasa. A cikin tarkacen akwai wata 'yar kusar tagulla, ba ta fi ƙwayar masara ba, mai rami a tsaka kamar kafar allura. Ta nan mai ke bi. Rabezara ya goge ta, ta yi walƙiya, ya ajiye, ya juya yana yi wa wani mai wucewa bayanin muhimmancinta. Kafin ya kai ƙarshen bayani wata jar kaza ta yi mata caraf.

"Ta haɗiye! Maman Tojo, ta haɗiye mini zuciyar mota! Kawo wuƙa!"

Ravao ta fito da ludayi a hannu. "Wacce?"

Ya duba. Jajayen kaji sun cika tsakar gida, kowace tana kallonsa da idon marar laifi.

"A yanka su duka, a duba."

"Ka taɓa mini kaza ɗaya, Baban Tojo, ka ga yadda ake kwance mutum a baza shi a faifai."

Don haka sai ya ɗauki rariya ya shiga bin kaji. Duk wadda ta tsuguna, shi ma ya tsuguna. Kafin rana ta yi zafi maƙwabta sun jeru a kan katanga, har mai wainar shinkafa ta dawo da tandarta ƙofar gidan, ta ce a nan kasuwa take yau.

Rakamisy ya leƙo da kofinsa, ya kira shi Rangahy, yadda ake kiran dattijo a garin. "Sannu da aiki, Rangahy! Ashe a garejin Turawa ta baya ake karɓar kayan gyara?"

"Jahilci ciwo ne," Rabezara ya ce, bai ɗaga kai daga rariya ba. "Cikin kaza ya fi kananzir wanke tagulla. Da gangan na ba ta."

"To ka ba ta injin duka mana, ta wanke maka shi gaba ɗaya."

Kaji suka ba shi duk abin da suke da shi, ban da kusa. Da ya ga Asabar tana matsowa, ya haƙura ya nufi kasuwar Isotry, inda duk motar da ta mutu a ƙasar nan ake kai hanjinta. Ravao ta ɗauki kwandon ƙwai ta bi shi. Ƙwan dalili ne kawai. Mutumin take gadi.

Suka sami Ralezo mai kayan gyara zaune a tsakiyar tulin ƙarafa kamar gizo a saƙarsa. Ya saurari bayani, ya zura hannu cikin wani tsohon gwangwanin madara, ya zaro kusar tagulla irin wadda ta ɓata sak.

Rabezara ya ɗaga ta ya leƙa rana ta cikinta, ya yi tsaki. "Wannan rami ne ko ƙofar gari? Ta irin wannan ne ake shanye muku arziki kuna dariya." Ya tona gwangwanin da kansa, ya tsinto wata mai ramin da sai ka kanne ido za ka gan shi. "Yawwa. Ga abin da masana ke nema."

"Wannan bakin risho ne, Rangahy," Ralezo ya ce. "Na dafa shinkafa."

"Risho me yake sha a wuni?"

"Bai fi kofi guda ba."

"Mota fa?"

Ralezo ya ɗaga kafaɗa.

"To ka gani! Shekara nawa kana zaune a kan ilimi kana ƙyanƙyasa, ba ka sani ba."

"Ni dai in na sayar ba a dawo mini da shi."

"Sayi duka biyun mana, Baban Tojo," Ravao ta ce. "Ɗaya ba ta cin ɗaya."

"Mai shakkar ƙafarsa ke riƙe sanda biyu."

A gida bakin risho ya ƙi zama a mazaunin kusa, sai ya naɗe shi da zare ya liƙe da sabulu. Fatar da ke hana mai tsiyaya ta yage, sai ya yanko sabuwa daga harshen takalmin da Ravao ke zuwa coci da shi. Da ya gama haɗawa, wasu 'yan noti da wata 'yar waya mai lanƙwasa suka yi saura a faifai. Ya kwashe ya zuba aljihu.

"Waɗannan fa?" Tojo ya tambaya.

"Masu ƙera mota suna cusa irinsu ne don a ce sun yi aiki."

Ranar gwaji unguwa ta fito. A Tana ba a zuba wa irin waɗannan motoci mai a tanki. Tanki na masu kuɗi ne da ɓarayin mai. Gorar roba ake ajiyewa gefen ƙafar direba, a zura mata tiyo, mutum yana tuƙi yana kallon arzikinsa yana sauka. Rabezara ya zuba rabin gora, ya ja layi da gawayi daidai inda man ya tsaya, ya nuna wa kowa. Samari suka tura. Katirela ta yi tari, ta yi atishawa, ta tofar da gashin kaza ta salansa, sannan, abin mamaki, ta kama. Unguwa ta ɗauki shewa.

Daga ƙofar gidan kuwa gangara ce har tasha. Kuma babu direban da uwa ta haifa a garin nan da zai gangara tudu da inji a kunne. Wannan ai ƙona kuɗi ne da rana tsaka. Hannun Rabezara da kansa ya murɗa makulli ya kashe, kamar yadda ya ga kowa yana yi tun yana yaro. Mota ta sulala shiru, lumui, yana ɗaga wa mutane hannu, har ta je ta tsaya da kanta a tsakiyar tashar tasi.

Ravao ta sauko da ƙafa, ta tarar da shi tsaye a kan bamba, ya ɗaga gora sama kamar an haifa masa jika.

"Daga ƙolin tudu har nan! Ku dubi layin gawayi! Ko ɗigo! Jama'a, na gina kafiretar da ba ta shan mai!"

Wasu direbobi suka matso suna leƙa gorar da gaske. Wawa ba ya rasa abokan tafiya.

"Rangahy," Rakamisy ya ce, "turmin matata ma in ka sa masa taya zai iso nan bai sha komai ba. Juya ta ka hau mu gani."

"Hassada ga mai rabo taki ce."

"Na ji. Juya ta."

"Ba a gajiyar da zakaran faɗa kafin ranar wasa. A nan za ta zauna a wanke ta, a ɗaura mata furanni. Hanyar Ambohitsoa ma daga nan ta fara. Kuma ku zama shaida: da rabin gorar nan zan kai ango, in dawo, in sammaka ragowar ka yi kwana biyu kana aiki."

Wanda bai ji bari ba zai ji hoho. Ravao ta ja Tojo gefe ta ce ya cika wata gorar da fetur ya ɓoye ta ƙarƙashin kujera.

Asabar ta zo. Rakamisy ya kwashi gwaggonni ya yi gaba tun da wuri. Aka bar Katirela da manyan kaya. A gaba, gefen direba, aka zaunar da Dadabe Rajaona, ƙanin kakan Tojo, shi ne mai magana. Tsoho ne siriri kamar sillen kara, amma in ya buɗe baki a taron aure har dutse sai ya ba da 'yarsa. Ya yafa farin mayafi ƙal, ya sa malafa, ya ajiye gorarsa ta ruwan ƙanzo a ƙasa don jiƙa maƙogwaro. Ruwan ƙanzon ya dahu sosai, ya yi ja-ja kamar shayi. Ko kuma, in ka kalle shi ta cikin roba, kamar fetur.

A baya Tojo ne cikin kwat ɗin aro, an ɗaura masa igiyar rago a hannu, ragon a kan cinyarsa, sai Ravao a gefe. An yi mata tayin tasin Rakamisy ta ƙi. Ta ce wannan abin da idonta za ta ga ƙarshensa.

Aka tura, ta kama. Suka hau doguwar hanyar nan da ta ratsa fadamu, shimfiɗaɗɗiya kamar tabarma. A nan aka gane cewa motar da ke shan mai ta bakin risho, tafiyar risho take yi. Rabezara ya taka totur har ƙasa, Katirela tana rarrafe tana huci kamar mai ciwon ƙirji.

"Ɗana," Dadabe ya ce a hankali, "tafiya muke yi, ko wani muke jira?"

"Tattali ke nan, Dadabe. Dubi gora."

"Ina kallon gora. Ina kuma kallon bishiyar can, tun ɗazu muke gaisawa."

Wata tsohuwa mai korar agwagi ta wuce su, ta yi musu barka da hutawa. Wani mai jan amalanke cike da bulo ya zo ya wuce, ya waiwayo. "In ɗauke ku ne? Akwai wuri a kan bulo."

"Ja kayanka, jaki mai ƙafa biyu!"

Ravao ta leƙa ta taga. Inuwar motar da ta fara doguwa har cikin shinkafa, yanzu ta janye ta dawo bakin hanya. Tojo ma abin da yake kallo ke nan, gumi yana bin wuyan kwat ɗin mutane.

A gindin tsaunin Ambohitsoa Katirela ta ɗaga hanci, ta ga hawa, ta yi tari biyu ta mutu. Can sama ana hango gidan su Lalao, jan ƙasa mai bene, jama'a sun cika baranda da bakin katanga suna kallon hanya. Rakamisy na cikinsu, amma ba zai sauko ba. Man da ya auna na hawa ɗaya ne. In ya gangaro shi ma sai an tura shi.

"Ba komai," Rabezara ya ce. "Ɗan ƙara mata numfashi zan yi."

Ya zaro bakin risho, ya karɓi fil ɗin mayafin Ravao ya soka. Fil ya lanƙwashe. Mai amalanke, wanda ya tsaya hutu da kallo, ya miƙo masa ƙusar rufin kwano.

"Ga ta, in jaki ya isa ya ba masani aro."

Rabezara ya ɗora tagulla a kan dutse, ya saita ƙusa, ya maka mata wani dutsen. Ramin da ya fito, ɗan yatsan jariri sai ya shige.

"Baban Tojo, ɗazu ba kai ka ce wa na Ralezo ƙofar gari ba?"

"Wancan ƙofar jahilai ce. Wannan a aune take."

Ya mayar, aka tura, suka faɗa ciki. Abin da ya biyo baya har yau mutanen ƙauyen suna kwatance da shi. Katirela ta yi ruri kamar sa a mayanka, ta zabura ta kama tsauni. Salansa ta ce tau! Karnuka suka watse. Ta sake cewa tau! Wata mata ta saki tulu. Baƙin hayaƙi ya taso ta ramukan da tsatsa ta ci a ƙasan motar, ya cika ciki har mutum ba ya ganin hancinsa. Rago ya haukace, ya kafa wa Tojo kofato a ciki, ya kai wa ƙeyar Dadabe karo.

"Kun ji ƙarfi?" Rabezara yana ihu cikin hayaƙi. "Kun ji aiki?"

Gora kuwa tana cewa ƙwal, ƙwal, ƙwal, kamar an kafa wa maraƙi. Layin gawayi ya rage shi kaɗai a sama kamar alamar ambaliyar bara. Ba su kai rabin tsauni ba ta ƙafe.

"Akwai wata a ƙarƙashin kujera, Baba!" Tojo ya ce yana tari.

"Wa ya ce ka kawo? Raini ne! Miƙo ta!"

Bai jira a miƙo ba. Ya laluba ƙasa cikin duhun hayaƙi, hannunsa ya kama gora, ya cusa mata tiyo. Katirela ta ja, ta yi 'yan taku, ta yi wata irin gyatsa, ta tsaya cik. Wani ƙamshi ya tashi, irin na gindin tukunya.

Dadabe, wanda hayaƙi ya shaƙe, ya laluba ya kamo gorar da ta rage, ya kafa kai. Abin da ya fesar ya wanke gilashin gaba. Kalmomin da suka biyo baya, a shekarunsa duka na magana a taro bai taɓa amfani da ko ɗaya ba, kuma ba za a maimaita su a nan ba.

Suka firfito. Ravao ta yi maza ta cusa dutse a bayan taya. Ta dubi mutanenta. Farin mayafin Dadabe ya koma kamar tsumman goge tukunya. Ango idanunsa kawai ake gani. Rago, wanda aka wanke shi fari tas da safe, ya zama baƙi.

"Cire dutsen nan," Rabezara ya ce daga kan sitiyari. "Zan tayar da ita da baya. Haka ƙwararru ke yi."

"Ka ba ta ruwan ƙanzo, Baban Tojo. Mota ta ci ta sha, barci za ta yi."

"Ke kika san inji ko ni?"

"Ka duba birki kuwa tun da ka fara gyaran nan?"

"Ni kafireta na zo gyarawa! Cire dutse!"

Ravao ta dubi ƙasa. Inuwarta ta tattare ta dawo gindin zaninta kamar kyanwa. Ba ta da lokacin musu. Ta sa ƙafa ta ture dutsen.

Katirela ta fara ja da baya a hankali, cikin mutunci, furanninta suna rawa. Sannan ta tuna cewa gangara ce sana'arta. Aka ji Rabezara yana taka birki, fam, fam, fam, kamar mai kirɓa taɓo. Ta wuce mai amalanke, wanda ya cire hula ya gaishe ta. Ta wuce tsohuwa mai agwagi. Gudun da ba ta yi ba tun safe, ta yi shi yanzu da baya. A gindin tsauni hanya ta karya kwana, ita ba ta karya ba. Jama'ar baranda suka ga ruwa da laka sun tashi sama, suka ji tsulum, sannan salansa ta yi bankwana da wani tau na ƙarshe.

Wannan ƙarar ce ta gama da haƙurin rago. Ya finciki igiya ya kama turbar ƙafa da ta miƙe sama, Tojo a ɗaure a bayansa yana tsalle kamar guga.

Ravao ta hango mijinta ya fito ta taga yana ɗaga hannu. Da ransa, har da bakinsa. Wannan ya ishe ta. Ta juya ga Dadabe, wanda ya zauna a kan dutse.

"Dadabe, za ka iya hawa?"

"'Yata, ko gado ba zan iya hawa ba."

Ta kwance mayafinta, ta juya masa baya ta durƙusa. Matar da ta yi rayuwarta tana hawa tudun Tana da buhun shinkafa a ka, tsoho kamar kara ba kaya ba ne.

"Yau kai ne jariri. Hau."

"Mutuncina fa?"

"Yana can cikin hayaƙi. In mun dawo ma ɗauka."

Ta goya shi, ta ɗaure tam, ta kama turba.

A tsakar gidan su Lalao, Nenibe ta kafa taɓarya a tsaye, ta zauna a kujera tana gadin inuwarta. Ba ta ko kalli tsauni ba. Ta ce ita ba wasan kwaikwayo ta zo gani ba. Tana zaune baƙin rago ya faɗo ta ƙofa, baƙin ango ya biyo shi da ciki, sannan wata mata ta shigo tana haki da baƙin tsoho a goye, malafarsa a karkace.

Nenibe ta sunkuya ta duba gindin taɓarya. Akwai sauran inuwa, ba ta fi faɗin farce ba.

"Kun shigo," ta ce. "A sauke mai magana."

Al'ada ce mai magana ya fara da neman gafara, ya yi ta nema, ya ce shi ba kowa ba ne, bai isa ya tsaya gaban manya ba. Kullum ana jin wannan ana hamma. Ranar nan ce kaɗai kowa ya san laifin da ake neman gafara a kai. Dadabe ya yi magana da muryar da fetur ya wanke, aka matsar da masu shan taba nesa da shi, kuma waɗanda suka ji sun ce bai taɓa yin mai daɗinta ba. Lalao ta fito, ta dubi Tojo, ta toshe baki da mayafi kafaɗunta suna rawa. Aka tambaye ta, ta ce ta yarda, in dai za a wanke shi. Aka karɓi rago.

Ana tsakiyar cin shinkafa da naman sa sai ga wata halitta a bakin ƙofa, laka tun daga gashi har ƙafa, takalmi ɗaya, dashen shinkafa a kunne, kafireta a hammata. Rabezara ya gyara tsayuwa.

"Jama'a, kun dai gani da idonku! Wace mota ce a Tana ta taɓa tafiya da ruwan ƙanzo? Taku nawa ta yi? Da an ƙara masa gishiri..."

"Wane ne wannan?" Nenibe ta tambaya.

"Uban ango ne, Nenibe," Ravao ta ce. "Ba mu da wani."

"Rangahy," Rakamisy ya ce da loma a baki, "ragowar man da ka ce za ka sammini fa?"

Nenibe ta buga sanda, dariya ta lafa. "Uban ango, rana ta karkata kafin ka shigo, kuma wanda ya makara tara yake biya. Fadamar da ka kwanta a ciki ma tawa ce. Ba na son kuɗinka. Motar ta zauna inda ta zaɓa. Agwagina sun daɗe ba su da ɗaki."

Rabezara ya buɗe baki. Ravao ta cusa masa kwanon shinkafa a hannu, ta danna kafaɗarsa ya zauna, a kan tabarmar da ba a so.

Katirela tana nan har yau a gindin tsauni, shinkafa ta kewaye ta, agwagi a kujerar baya. Duk wanda Rabezara ya kama a teburin mai kofi sai ya aike shi ya je ya gani.

"Ka tambayi kowa," yakan ce. "Tun ranar nan ba ta ƙara shan ko ɗigon mai ba."

Da bikin ya zo, Ravao ta yanka jajayen kajinta don baƙi. Tana gyaran ƙundun ɗaya, wuƙa ta ci karo da wani abu. 'Yar kusar tagulla ce, ta wanku tas, tana walƙiya kamar yau aka ƙera ta. Ashe cikin kaza ya fi kananzir. Sau ɗaya a rayuwarsa mutumin ya faɗi gaskiya.

Ta saurara. A waje tana jiyo shi yana gaya wa surukai cewa abu ɗaya tak ya rasa, da ya same shi da yau a mota za a kawo amarya.

Ravao ta share hannu a zani, ta taka zuwa bayan gida, ta jefa ta a rijiya.